Yadda Ake Shirin Fara Yi wa Gem Kwaskwarima a Dutsin-Ma da Kurfi

Kamfanin Konami na ƙasar Jafan ya yi wajen shekara ashirin yana fitar da gem ɗin ƙwallo na PES, kuma a tsawon wannan lokaci bai samu sukunin sa Katsina United a ciki ba. Shi ma Rockstar, da ya fitar da GTA San Andreas a 2004 da ababen hawa sama da 200, har da jirgin yaƙi da motar yankan ciyawa, ya manta da kurkura. Ba mu ɗauki wannan a matsayin raini ba. Mun ɗauka aiki ne ya yi musu yawa, shi ya sa matasan Dutsin-Ma da Kurfi suka ɗauki nauyin ƙarasa musu ba tare da an biya su ko sisi ba.

Masu yin wannan aiki suna kiransa mod, wasu su ce faci: mutum ya buɗe cikin gem ɗin da wani ya ƙera, ya canza riga, ko fuska, ko mota, ko dokar wasan kanta. Sana'a ce mai asali. Counter-Strike, wanda duniya ta sani, kwaskwarima ce da wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa Half-Life a 1999, kafin kamfanin Valve ya saye aikin ya ɗauke su. Dota ma daga cikin Warcraft III aka sassaƙo shi. Saboda haka uban da ya ga ɗansa ya kwana gaban laftof, ido ja wur, kada ya yi saurin cewa wasa yake yi. Bai kai ga wasan ba tukuna, kuma da wuya ya kai a wannan zangon karatu.

Dalili kuwa shi ne aikin kashi biyu ne. Akwai kwaskwarimar kanta, wadda mai hannu zai iya gamawa tsakanin azahar da magariba. Akwai kuma shirya kwamfutar ta yarda a yi mata aikin, wanda ba a sa masa rana. Duk bayanan da Turawa da 'yan Indunusiya suke yi a bidiyo suna farawa ne da cewa ka sauke kaza. A Dutsin-Ma wannan ba farko ba ne, tsakiyar tafiya ce.

Binciken farko a bango ake yin sa, wato wutar lantarki. Laftof ɗin da aka fi gani a hannun ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, gwanjo ce: HP EliteBook ko Dell Latitude da ta gama aikin ofis a Turai, ta yi ritaya, ta biyo ta titin Beirut a Kano domin ta fara rayuwa ta biyu. Mai sayarwa zai ce batirinta yana yin awa huɗu, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai jimillar abin da ya rage masa a duniya yake nufi. Wannan yana da muhimmanci domin motoci da gine-ginen GTA suna ƙunshe a cikin wani babban fayil mai suna gta3.img, kuma in aka ɗauke wuta ana cikin sake ɗaure shi, fayil ɗin ya tashi aiki. Gem zai buɗe, ya nuna hoton farko, ya yi sallama. Mai shi zai kwana uku yana zargin kurkurar da ya zana, alhali kurkura ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu, matsalolin kwamfuta sun yi sauƙi ƙwarai a yankin, tunda sai ta kunnu take nuna matsala.

Haka kuma in laftof ta mutu da kanta minti goma bayan an buɗe gem a watan Afrilu, ana zafin digiri 40, a duba fankarta kafin a zagi wani. Ƙurar hunturun bara tana nan a ciki. A sauke ta daga kan katifa, a ɗora ta a kan bulo biyu, a kai ta a hure.

Sai sabis. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, kuma sai a Disamba aka buɗe. Abin da ya jawo rufewar ba abin dariya ba ne. Amma ko a ranar da sabis ya cika sanda huɗu, sauke faci jarrabawa ce mai zaman kanta. Wanda ya haɗa shi ya yanka shi gida takwas, kowane gida a shafi daban, kowane shafi da maɓallai huɗu masu cewa a danna nan, kuma na gaskiyar shi ne mafi ƙanƙanta, wanda ya fi kama da ba ya son a gan shi. Sauran ukun za su taya ka murnar cin iPhone. Ana wannan aiki ne tsakanin sha biyun dare da asuba, lokacin da data take araha, kuma in gida na shida ya yanke a kashi 99 cikin ɗari, WinRAR ba zai buɗe sauran bakwai ɗin ba. Ba ya karɓar uzuri. In duk sun sauka lafiya zai nemi kalmar sirri, wadda mai facin ya faɗa sau ɗaya a minti na goma sha ɗaya na wani bidiyo, da Fotugisanci. Wanda kuma ya ƙudiri rubuta nasa da harshen C++ yana buƙatar Visual Studio, mai gigabait da yawa, don haka ya kamata ya shawarci wanda ke ciyar da shi tun kafin ya danna.

Shi ya sa a ƙasar nan babbar hanyar sadarwa ita ce filas. Mutum ɗaya ya sauke, gari ya samu. Filas yana da hali biyu da ya kamata a sani. Na farko, in an tsara shi da FAT32, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, ko da shi kansa mai 32 ne kuma babu komai a cikinsa. Zai ce fayil ɗin ya yi masa girma, mai shi ya koma shago ya yi rigima da wanda ya sayar masa. Magani shi ne a sake tsara shi da NTFS, kuma kowa yakan yi haka ya ji daɗi. Na biyu, filas ɗin da ya zaga wurin masu turin waƙa da finafinai a kasuwar Laraba yakan dawo da rakiya. Foldodinka za su rikiɗe su zama 'yan kibiyoyi, ka danna babu komai. Ba a goge su ba, ɓoye su aka yi, kuma umarnin attrib -h -r -s /s /d yana fito da su. Bayiros ɗin kuwa ya riga ya sauka a laftof ɗinka, ya ajiye kayansa.

A nan mai karatu zai tambaya ina antibayiros. A kashe yake, kuma da hujja. Kayan da ake ɗora mod da su, irin su CLEO na GTA da Sider na PES, aikinsu shi ne su kutsa cikin gem yana cikin gudu su cusa masa umarnin da bai zo da shi ba. Wannan shi ne ainihin abin da bayiros yake yi, don haka Windows Defender yakan ɗauke su shiru, ba sallama. Mutum zai buɗe folda ya tarar da komai sai abu ɗaya da ake buƙata. Abin da ya dace shi ne a gaya wa Defender ya ɗauke ido daga wannan folda ɗaya tak. Abin da ake yi shi ne a kashe shi baki ɗaya, sannan a soka filas ɗin kasuwar Laraba.

To, an samu wuta, an samu fayil, an danna gem. Sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa ba a ga d3dx9_43.dll ba. Wannan shi ne wurin da aka fi zubar da hawaye, don haka za mu ɗan zauna.

Gem ba ya zuwa da duk kayan aikinsa. Kamar amaryar da ta tare ba turmi ba taɓarya ne, ta sa rai za ta ara a maƙwabta, maƙwabciyar kuwa ita ce Windows. Waɗannan fayiloli masu ƙarewa da dll su ne kayan aron. d3dx9_43.dll da xinput1_3.dll na cikin kunshin DirectX da Microsoft ya fitar a watan Yunin 2010. Ɗalibi zai ce ai tasa Windows 10 ce, tana da DirectX 12, kuma sha biyu ta fi tara. Lissafinsa daidai ne. Sha biyu ta fi tara, amma ba ta ƙunshe ta ba, sai an ɗora tsohon kunshin daban. MSVCR100.dll kuma na Visual C++ na 2010 ne, MSVCR120.dll na 2013, VCRUNTIME140.dll na 2015 zuwa sama, kuma sabo ba ya maye gurbin tsoho. Dukansu ake tarawa su zauna tare. Kowanne kuma iri biyu ne, mai bit 32 da mai bit 64. GTA San Andreas da PES 2017 masu 32 ne, saboda haka na 32 suke nema ko da Windows ɗinka mai 64 ce.

Abin da matashi mai zafin nama yake yi shi ne ya rubuta sunan fayil ɗin a Google, ya sauke shi tilo daga wani shafi, ya jefa a cikin Windows. Sai saƙon ya canza, ya koma 0xc000007b. Ya kamata a taya shi murna, domin ya ci gaba: da fayil ɗin babu, yanzu akwai amma ba irinsa ba. Ya haɗa mai 64 da gem mai 32. Kuma ba laifinsa kaɗai ba ne. A Windows mai bit 64, foldar da ake kira System32 ita ke ɗauke da fayilolin 64, wadda ake kira SysWOW64 kuma ita ke ɗauke da na 32. Babu kuskuren ɗab'i a jimlar nan. An yi haka ne don kada tsofaffin manhajoji su rikice, kuma an yi nasara, manhajoji ba su rikice ba.

Wani zai ce me ya sa ake ta fama da PES 2017. Daga na 2018 Konami ya koma bit 64 kuma yana neman ram gigabait 8, alhali EliteBook ɗinmu 4 gare ta. Daga baya kuma, a 2021, ya canza sunan zuwa eFootball, ya bar injin Fox ya koma Unreal, ya jingina gem ɗin da intanet. Saboda haka a ɗakunan ɗalibai da yawa shekarar 2017 ba ta ƙare ba. 'Yan wasa ne kawai ake canzawa.

Mu koma kan kurkura. GTA San Andreas ba ɗaya ba ne. A 2005 wani ɗan ƙasar Holan, Patrick Wildenborg, ya tono wani ɓangare na rashin kunya da kamfanin ya binne a cikin gem ɗin, aka yi ta cece-kuce a Amurka, aka janye shi daga shaguna, aka sake fito da wanda aka toshe. Sakamakon haka, mafi yawan kayan mod da gta_sa.exe na asali kaɗai suke aiki, wato 1.0 na Amurka, domin sun haddace inda kowane abu yake zaune a ƙwaƙwalwarsa. In aka ba su wani, za su je adireshin da suka sani su tarar da baƙo, gem ya faɗi. Ke nan wani abu da ya faru tsakanin Holan da Amurka a 2005 shi ne ya hana yaron Kurfi barci jiya. Ana maganin wannan da mayar da gem ɗin baya zuwa 1.0, kuma a wannan sana'a komawa baya ci gaba ne da ake yi wa barka.

Zana kurkurar ana yin sa da Blender, wanda kyauta ne. Sai dai daga 2.80, da ya fito a 2019, yana neman OpenGL 3.3, katin hoto na Intel HD 3000 da ke cikin tsofaffin laftof ɗin nan kuwa a 3.1 ya tsaya. Za a ce ka koma 2.79, ka koma, ya buɗe lafiya. Sannan ka gano DragonFF, wanda zai fitar maka da zanen a matsayin fayil ɗin dff da gem ke karantawa, daga 2.80 ya fara aiki. Gaba kura, baya sayaki. Masu haƙuri kan nemo tsohon ZModeler, masu hankali kan ari laftof ɗin ɗan ajinsu da babansa ke Abuja.

Idan zane ya kammala, sai a zaɓi motar da za a sadaukar, domin hanya mafi sauƙi ita ce kurkura ta gaji suna da gurbin wata. Yawanci 'yar motar filin golf ake yankawa, Caddy, tunda babu wanda zai yi kewarta. Fayiloli biyu ne, caddy.dff na ƙira da caddy.txd na fenti, kuma in sunan hoton da ke cikin na biyu ya saɓa da wanda na farko yake nema da harafi ɗaya, kurkura za ta fito fara fat, ba launi ba lamba ba rubutun baya. Injin gem ɗin ya san mota da taya huɗu, kowace da sunanta da wurinta, don haka sai a matse na gaba biyu wuri ɗaya su yi kamar guda. Nauyi da birki suna cikin handling.cfg, kuma in aka bar tsakiyar nauyin a sama, kurkura za ta kife a kwanar farko. Masana sun rabu a kan ko wannan kuskure ne ko ƙwarewa. Abin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne Caddy mutum biyu take ɗauka, kuma kurkura mai mutum biyu ba ta taɓa faruwa ba.

Akwai wata cuta da ta fi waɗannan cin rai, domin ba ta nuna saƙo. Ka canza fayil, ka adana, ka buɗe gem, babu abin da ya canza. In gem ɗin yana cikin Program Files ne, to tun zamanin Vista Windows ba ta barin tsofaffin manhajoji su yi rubutu a wurin. Ba ta kuma hana su a fili. Takan karɓi gyaran da fara'a ta kai shi wata folda mai suna VirtualStore ta ajiye, ta ce an yi. A fitar da gem ɗin daga can a sa shi a folda mai gajeren suna a kan C. A kula da sunan kuma. Tsofaffin kayan aikin nan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, in suka ci karo da folda mai suna Ƙwallo sai su mayar da harafin alamar tambaya, su rantse babu fayil ɗin a duniya. Haka in hanyar zuwa fayil ta wuce harafi 260, wanda yake faruwa da wuri ga mai ajiye New folder a cikin New folder a cikin wata mai suna kada a taɓa.

Rigar Katsina United ta fi kurkura sauƙi, amma tana da nata sharuɗɗan. Kayan PES suna ƙulle a fayilolin cpk, kuma akwai wani ɗan rajista, DpFileList.bin, da ke gaya wa gem waɗanda zai buɗe da jerin da zai bi. In facinka ba ya cikin rajistar, bai zo ba. In yana ciki amma wani ya biyo bayansa da riga mai lamba ɗaya, na bayan ya danne shi. Sider, wanda wani mai laƙabin Juce ya rubuta, ya rage wahalar: ka zuba kayanka a folda, ka rubuta hanyarta a sider.ini, ka kunna shi kafin gem. Kafin, ba bayan ba. Sannan Windows tana ɓoye wutsiyar sunayen fayiloli, saboda haka abin da kake gani sider.ini yana iya kasancewa sider.ini.txt ne, kuma Sider bai san wannan mutumin ba. Wanda ya fara wannan aiki a kakar 2021, in ya yi jinkiri, ya gama ne ya tarar ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ita da Kano Pillars. Da ya ƙara haƙuri shekara guda da ya tarar sun dawo, da wata rigar.

Wanda ba shi da laftof, wayarsa ta ishe shi wahala. PPSSPP, wanda wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya fara a 2012, yana sa wayar Android ta ɗauka ita PSP ce. PES na ƙarshe da aka yi wa PSP na 2014 ne, kuma shi ake ta yi wa wanka duk shekara ana ba shi sabon suna, da muryar Peter Drury da fuskar Haaland. Kaya uku ne: gem ɗin kansa, foldar SAVEDATA mai sunayen 'yan wasa, da TEXTURES mai riguna da fuskoki. Ana kwance su da ZArchiver a zuba a cikin foldar PSP, ba a cikin wata PSP da ke cikin PSP ba. Tun daga Android 11 kuma waya ta fara rowar foldodinta, sai ka nuna wa PPSSPP wurin da hannunka. In an yi duk wannan aka buɗe allo ya yi baƙi ƙirin, to a shiga saiti a mayar da yare Español, domin da yawa daga cikin waɗannan faci a kan Sifaniyanci aka gina su. Ta wannan hanya yaran da ke zama a shagon mai caji a Kurfi suka san Guardar adanawa ne, Salir fita ne, ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo a kan malamin harshe ba.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta, da suke ganin sun fi ƙarfin canza riga, sukan nufi Minecraft da Forge. Nasu gajere ne. Minecraft 1.12.2 yana son Java 8, 1.18 yana son Java 17, daga 1.20.5 sai Java 21, kuma in aka saɓa, saƙon kuskuren ba zai ambaci 8 ko 17 ko 21 ba. Zai ce 52, ko 61, ko 65, ya bar maka ka gano da kanka cewa 44 ake cirewa. A gyara JAVA_HOME, a rufe baƙin allon a sake buɗewa, sannan a bar Gradle ya sauke abin da zai sauke. Yana daɗewa. Amma Dutsin-Ma, garin da aka gama masa madatsar ruwan Zobe a 1983 aka ƙaddamar da aikin ruwan famfonsa a 2021, ba Gradle ne zai koya masa jira ba.

Akwai hanyar gano matsala da ta tabbata, kuma kowa ya san ta. A ajiye kwafin gem ɗin da ba a taɓa ba. A sa abu ɗaya, a gwada, sannan a sa na biyu. In an riga an zuba arba'in gem ya faɗi, a cire ashirin a gwada, a sake raba waɗanda ake zargi biyu, kafin zagaye na bakwai an kama mai laifi. Mod Loader na GTA an yi shi ne musamman don wannan, ka ja folda waje ka mayar ba tare da ka taɓa gta3.img ba. Sannan a karanta modloader.log ko sider.log, inda kwamfuta take rubuta abin da ya same ta dalla-dalla, sau da yawa har da sunan fayil ɗin da ya kashe ta a layin ƙarshe. A ra'ayina babu rubutun da ya kai waɗannan fayiloli gaskiya a cikin laftof ɗin ɗalibi, har da furojet ɗinsa, kuma babu wanda aka fi ƙaurace wa. Kwafin da ba a taɓa ba kuwa an goge shi tun makon jiya don a samu wurin zuba fassarar Indiya.

Abin da ake yi a maimakon haka shi ne a ɗauki laftof a kai shago.

"Injiniya, don Allah duba mini, gem ɗin nan fita yake da kansa."

"Me ka sa mata?"

"Wallahi ban sa komai ba."

Injiniya zai buɗe ya ga mod arba'in da uku, da CLEO iri biyu, da dll goma sha da aka watsa a System32. Zai gyaɗa kai ya ce, "Ƙanena, sai fomatin." Fomatin yana warkar da komai, domin yana kawar da cutar da mai ɗauke da ita lokaci guda. Bayan awa biyu za a miƙo laftof tas, da sabuwar Windows, da VLC, da hoton Ka'aba a fuska, ba DirectX na 2010, ba Visual C++, ba kurkura.

Amma a ƙaddara komai ya yi. Riga ta hau, lamba ta zauna a baya, tambari bai juye ba. Mai aikin zai sa a filas ya hau Golf daga tashar Dutsin-Ma, a matse shi da mutum uku a baya, ya sauka Kurfi ya kai wa yayansa mai gidan gem. A nan ake furta jimlar da ta fi kowace daɗewa a wannan sana'a: "Yaya, wallahi a tawa yana yi." Kuma da gaske yana yi, domin tasa ta shafe watanni tana tara kayan aro da shi kansa bai san adadinsu ba.

Sai dai a gidan gem ma ba a kai ga wannan gardamar. Yaya ba kwamfuta gare shi ba, PlayStation 4 ce, wadda ba ta san Sider ba, ba ta buɗe cpk ɗin kowa. Abin da take karɓa shi ne hoton riga na png, mai faɗi da tsawo 1024 ko 2048, a cikin folda mai suna WEPES, a shigo da shi ta wurin gyaran ƙungiyoyi. Wannan aikin rabin awa ne, kuma da shi aka fara da tuni an gama. Sharaɗi ɗaya ne: PlayStation 4 tana karanta filas mai FAT32 ko exFAT, ba ta ganin NTFS. Filas ɗin kuwa an mayar da shi NTFS tun ranar da ya ƙi karɓar fayil mai gigabait 4. Sai an sake tsara shi, wanda zai share duk abin da ke ciki, kuma laftof ɗin da za a kwashe kayan a kanta tana Dutsin-Ma wurin mai caji, an rufe shago an tafi sallar la'asar.